Ɗora wa injin Civic turbo a gida da kuɗi kaɗan: me za a fara saye, kuma ina iyakar injin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Samaru, Zariya. Ina da Honda Civic ƙirar 1995, injin D16Z6, giyar hannu, kuma lafiyarta ƙalau. Ina son in ɗora mata turbo a gida, ni da wani abokina mai walda, sai dai aljihun ba nauyi. An nuna mini wani ƙaton turbo da aka cire daga babbar motar kaya mai shan dizal, da araha. Bakanikena ya ce a walda shi a salansa, a sa manyan nozul, shi ke nan. Haka ne? Me zan saya, da wanne zan fara, kuma injin zai jure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Aikin yana yiwuwa, kuma ka yi sa'ar inji, domin D16Z6 yana cikin injunan da aka fi ɗora wa turbo da kayan gwanjo, hanyarsa sananniya ce. Amma turbon babbar motar da shawarar bakanikenka, duka biyun ka ajiye su gefe. A wannan aiki turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa inji ƙarin iska, shi ne mafi saukin samu. Abin da ke raya injin ko ya kashe shi shi ne iko a kan yawan fetur da lokacin da fulogi ke ba da wuta, don haka can kuɗinka na farko za su tafi.

Ka tsayar da buri tun yanzu: ƙarin matsin iska daga turbo na bar 0.5 (bar ma'aunin matsi ne), ba tare da buɗe cikin injin ba. Injinka ya fito daga kamfani da ƙarfin doki 125. Da bar 0.5 da saiti mai kyau, za ka iya sa ran doki 165 zuwa 175 a yanayin Zariya. A mota mara nauyi irin wannan, bambancin ba ƙarami ba ne.

Dalilin tsayawa a 0.5 shi ne abin da ake kira nokin, wato fetur ya fashe da kansa a wani lungu na silinda kafin wutar fulogi ta iso wurin. Ƙararsa kamar ta tsakuwa ce a cikin gwangwani, kuma daƙiƙu kaɗan sun ishe shi ya karya gefen fistin da ke riƙe ringi ko ya busa gasket. Abubuwa uku ke kawo shi: matsi, zafi, da raunin fetur, kuma ukun duk suna gabanka. Matsin injinka, wato yawan ninkin da fistin ke matse iska a silinda, 9.2 bisa 1 ne, wanda ya yi sama ga injin turbo na wancan zamani. Ma'aunin fetur na Nijeriya oktan 91 ne (oktan shi ne juriyar fetur ga nokin), alhali yawancin saitin da za ka gani ana rabawa a intanet an yi shi ne da man da ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai zafi. Zariya tana sama da mita 600 daga matakin teku, matsin iskarmu kusan bar 0.94 ne, saboda haka turbo sai ya matse iska kusan ninki 1.53 kafin geji ya nuna 0.5. Idan a watan Afrilu iska ta shiga turbo da digiri 40, za ta fito da kusan 100. Ƙari a kan haka, D16Z6 ba shi da sensar jin nokin. Idan ya fara, birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ba ta sani ba, ba kuma za ta ja da baya ba. Konrod ɗin D16, wato sandunan da ke riƙe fistin, ma sirara ne, an san suna fara lanƙwashewa idan aka doshi doki 200 zuwa 220 a taya, kuma da nokin ba sa ma kaiwa can.

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, ka gwada injin. "Lafiyarta ƙalau" a kunne ba hujja ba ce. Auna matsin kowace silinda da geji, injin da zafi, totur a buɗe gaba ɗaya. Sabo yana ba da kusan bar 12.5, a nan zai ɗan yi ƙasa saboda tsayin gari. Kana neman 11 ko fiye, kuma tazarar babba da ƙarami kada ta wuce bar 1. Sai ka cire suwicin baƙin mai ka ɗaura geji: aƙalla 0.7 a silo, aƙalla 3.4 a juyi 3,000. Idan ɗaya ya faɗi, gyaran inji ne aikinka, turbo sai daga baya. Canza tayimin bel da famfon ruwa, domin idan bel ya tsinke a wannan injin fistin na iya dukan bawul. Duba murfin dilko da rota da wayoyin fulogi. Idan an taɓa cire tamostat, kamar yadda aka saba a garejinmu, a mayar da shi, na digiri 78.

Sayayya ta farko ita ce na'urar wayidban, mai auna rabon iska da fetur a hayaƙi, wadda ke amfani da sensar Bosch LSU 4.9. AEM da Innovate duk suna yin ta. Sensar iskar da ta zo da motar ba ta gane komai sai kusa da rabon 14.7, wato iska kashi 14.7 ga fetur kashi ɗaya, ba za ta iya gaya maka ko kana kan 11.5 ko 13.5 ba, alhali tsakanin waɗannan biyun ne fistin ke tsira ko ya narke. Ta biyu ita ce birenbos da za a iya saitawa. Taka P28 ce, kuma a yadda take, da ta ga matsi ya wuce na sararin sama za ta kunna fitilar gargaɗi ta rikice. Hanyoyi biyu ne masu sauƙin kuɗi. Ko dai mai gyaran rediyo ko kwamfuta wanda hannunsa ya faɗa a kan solda ya dasa mata soket mai ƙafa 28, a riƙa rubuta saiti a kan cif da manhaja irin Crome, ko a sa Hondata S300 idan kuɗi sun kai. Ko kuma a yi amfani da Speeduino, wadda aka gina a kan Arduino Mega, ana saita ta da TunerStudio. Ga wannan mota ta farkon ta fi, domin wayoyi, dilko da VTEC, tsarin Honda mai sauya buɗewar bawul, duk suna nan yadda suke. Speeduino tana son mai haƙurin bin waya ɗaya bayan ɗaya, kodayake a gari mai ABU da Nuhu Bamalli samun ɗalibin lantarki da ya iya wannan ba zai yi wuya ba. Sensar MAP ta asali, mai auna matsin iskar da ke shiga injin, tana karanta har kusan bar 0.7 na matsi, ta ishe ka.

Akwai tsohuwar dabara ta sa bawul mai ɓoye wa birenbos matsin, a haɗa da na'urar da ke ninka matsin fetur. Tana ƙara mai a makance, kuma ba ta taɓa tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ko kaɗan. Da fetur ɗinmu, kada ka kusance ta. Shawarar bakanikenka ma gidansu ɗaya: manyan nozul a kan birenbos da ba a saita ba za su cika injin da mai a silo, su wanke bangon silinda, su baƙanta fulogi, sannan tayimin yana nan a gaba inda yake jawo nokin.

Lissafin nozul ba wuya. Injin turbo yana buƙatar kusan cc 6.3 na fetur a minti ga kowane doki. Doki 180 sau 6.3 ya ba da 1,134, a raba huɗu ya zama 284, kuma tunda ba a son nozul ta yi aiki fiye da kashi 80 cikin 100 na lokaci, kowace ta zama aƙalla cc 354. Naka na asali 240 ne. Nemi masu 440 ko 450. A nan ake yawan ƙona birenbos: sa mita ka auna juriyar kowace nozul. Naka suna kusa da om 12. Idan waɗanda ka samo om 2 zuwa 3 ne, kamar masu 450 na tsohuwar Mitsubishi Eclipse turbo, dole a sa musu akwatin resista irin na Accord 1990 zuwa 1993, ko resista om 10 wat 10 ga kowace. Nozul na gwanjo a wanke su, a fesa huɗun cikin kwalabe masu ma'auni lokaci guda. Wadda ta gaza 'yan'uwanta ita za ta ƙona silindarta, kuma wayidban ba za ta nuna ba tunda jimillar huɗun take karantawa. Famfon tanki mai shekara talatin a canza shi da Walbro 255 ko makamancinsa, a kula da jabu, sun yi yawa. Sabuwar filtar fetur. Matsin fetur ya kasance kusan bar 3 idan an cire tiyon regileta.

Yanzu turbo. Na babbar mota an yi shi ne don hayaƙin inji mai lita shida ko fiye. Injinka mai lita 1.6 ba zai juya shi ba sai wajen juyi 5,000, ka yi ta jira, sannan ya zo gaba ɗaya, kuma sau da yawa sifirin wesget ɗinsa, wato ƙofar da ke karkatar da hayaƙi don iyakance matsi, idan ma yana da shi, ya fi bar 1. Ƙananan turbon dizal masu fukafukai masu motsi, irin na injunan TDI na Volkswagen da HDi na Peugeot, su ma ba naka ba ne. Hayaƙin fetur yana kaiwa digiri 900, ya fi na dizal zafi, fukafukan sai su maƙale. Nemi wanda ya fito daga motar fetur mai lita 1.8 zuwa 2.3. TD04L na Subaru Forester ko Impreza ya fi dacewa, sifirinsa kusa da 0.5 yake. TD04 na Volvo 850 da S70 da Garrett na Saab ma suna yi. K03 na Passat ko Audi A4 mai injin 1.8T ya fi saukin samu, amma ƙarami ne: yana kawo matsi tun wajen juyi 2,500, ya shaƙe a sama, kuma ƙarfi mai yawa a ƙaramin juyi shi ne abin da konrod ba ya so. Idan shi ka samu, ka sassauta tayimin sosai ƙasa da 3,500. Fara tambaya a Sabon Gari, in babu sai Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, in ta kama a aiko daga kasuwar Ladipo a Legas.

Kada ka biya sai ka riƙe shi a hannu. Kama shaf ka tura ciki da waje: bai kamata ka ji motsi ba. Gefe da gefe ɗan motsi ba laifi, muddin farfela ba ta goga bango. Duba bakin fukafukai ko sun cinye, duba tsagewa a kewayen ramin wesget, sannan ka hura wa wesget iska da famfon keke mai geji ka ga a nawa sandar ke fara motsi. Idan gidan lafiya amma shaf ya yi lako-lako, ana sayen tsakiyar sabuwa a haɗe, an riga an daidaita nauyinta. Kada a kwance farfela a gida a mayar, abu ne mai juyi sama da 150,000 a minti.

Manifol, wato bututun da ke tattara hayaƙin silinda huɗu ya kai wa turbo, aikin abokinka ne. Ya yi amfani da gwiwoyin bututun ƙarfe mai kauri, inci 1.5, bango kusan milimita 3.5, da faranti mai kaurin milimita 10 zuwa 12. Bututun salansa siriri zai tsage cikin makonni, bututun ruwa mai rufin tutiya kuwa hayaƙin waldarsa guba ne. A ɗaure farantin a kan tsohon top ko ƙarfe mai kauri lokacin walda, bayan an gama a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su share fuskar ta miƙe, domin dole ta karkace. A kakkaɓe duk ɓurɓushin walda daga ciki, guda ɗaya ya isa ya ci farfela. A yi wa turbo madogari zuwa jikin injin. Gwada komai a motar da ɗigon walda kafin a cike, domin a Civic hayaƙi ta gaba yake fita, wurin da lagireto da kwamfiresar AC suke, kuma wanda zai yi Maris da Afrilu a Zariya ba zai so rabuwa da AC ba. Bututun da ke fita daga turbo ya zama inci 2.5, da gaɓa mai lanƙwasa, ramin wayidban kuma kamar rabin mita daga turbo, ta saman bututun don kada ruwa ya kwanta a kan sensa.

Layin baƙin mai shi ne inda yawancin aikin gida ke lalacewa. Ana ɗaukar mai daga ramin suwicin baƙin mai a bayan injin. Zaren Honda a wurin BSPT ne na 1/8, wanda ya yi kama da NPT amma ba ɗaya ba ne, kuma in aka tilasta wanda ba nasa ba bulok ɗin alminiyam yana tsagewa. Kada a rataya mahaɗa mai baki uku da suwici a jikin bulok, girgiza za ta karya ta. A ja tiyo zuwa bangon mota a ɗaure ta can. Tiyon shiga ya zama mai saƙar ƙarfe, rami kusan milimita 4, nesa da manifol. Na fita kuwa ba famfo ke tura shi ba, gangara kawai yake bi, kuma man yana fitowa da kumfa. Saboda haka ramin ya kai milimita 16, ya sauka ba lanƙwasa ba kwanciya, ya shiga kaskon mai sama da inda man ke tsayawa. A cire kaskon a huda a walda a wanke, kada a huda shi a jikin mota. Ramin fitar mai na turbo ya kalli ƙasa, karkata kada ta wuce digiri 15. Turbo da yawa da ake cewa sil ɗinsu ya mutu, magudanar ce ta toshe man ya koma ta salansa. Idan turbon mai shan ruwa ne, a ɗauko daga ƙananan tiyon da ke ratsa gidan totur.

Intakula, wato na'urar sanyaya iskar da ta fito daga turbo, wajibi ce. Mai kyau za ta sauko da waccan iska mai digiri 100 zuwa ƙasa da 60. Ta gwanjo daga Volvo, Saab ko Sprinter ta isa. Toshe bakinta, hura bar 1.5, nutsa ta a ruwa ka ga ko tana kumfa, sannan a wanke cikinta. Bututu inci 2 zuwa 2.25, kowane baki da ɗan tudun walda don kada roba ta zame. Bawul ɗin sakin iska, mai sakin matsi idan an ɗaga ƙafa daga totur, na Bosch daga 1.8T ya wadatar. Wani abu da ake mantawa: tiyon numfashi da ke fitowa daga murfin top, a da yana shiga bututun iska. Idan aka bar shi a wurin da yanzu akwai matsi, turbo zai hura cikin injin ya ture sil. A mayar da shi gaban turbo, bayan filta. Filtar kuma ta takarda a cikin akwati, tana shan iska daga waje. Buɗaɗɗiyar filtar ado a lokacin hunturu ƙura za ta bari ta ci bakin farfela.

Sauran a taƙaice: fulogi NGK BKR7E, tazara milimita 0.7. Lagireto mai tsabta, murfi bar 1.1, ruwan sanyaya na gaskiya ba na rijiya ba, fanka mai aiki da kanta. Baƙin mai 5W-40 ko 10W-40 na sintetik, a canza duk kilomita 4,000 zuwa 5,000. Kuloci na asali zai fara zamewa, ka tanadi mai ƙarfi. Birki da man DOT 4 da tayoyi a gyara su kafin ranar gwaji.

Ranar tayarwa, cire fis ɗin famfon fetur da soket ɗin dilko, kwance tiyon fitar baƙin mai na turbo, yi ta ba da sitata har mai ya zubo daga turbo, sannan a mayar. Tayar, duba yoyo. Haɗa soket ɗin sabis ka saita dilko da fitilar tayimin a digiri 16, ka tabbatar abin da kwamfuta ke faɗa shi ne abin da fitila ke nunawa. In ba haka ba duk lissafin da zai biyo baya ƙarya ne. Gaya wa manhajar girman sabbin nozul, saita silo da tafiyar yau da kullum a 14.7, ka yi kwanaki a haka ba ka shiga matsi ba. Rabon da ake nema idan an taka totur shi ne 12.5 zuwa 13 daidai lokacin da gejin matsin iska ya kai sifili, ya sauko 11.5 zuwa 11.8 a cikakken matsi. Tayimin kuma a rage kusan digiri 2 ga kowane bar 0.1, wato wajen digiri 10 a 0.5, daga abin da taswirar asali ke bayarwa a cikakken totur. Wannan mafari ne na taka-tsantsan. Sa iyaka a manhaja ta yanke fetur idan matsi ya wuce 0.65, ka kuma sa ta ƙara rage tayimin idan iskar da ke shiga injin ta haura digiri 55.

Tunda injin ba ya jin nokin, kai za ka ji masa. Daddage bakin guntun bututun jan ƙarfe, huda shi, ɗaure a bayan bulok kusa da top, ja tiyo daga ɗaya bakin zuwa abin sauraron ƙirji na asibiti. Mutum biyu ake yi: ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana saurare yana kallon kwamfuta. A hau mataki-mataki, juyi 2,500 zuwa 4,000, a gyara, sannan 5,000, har sama. Da an ji ƙara ko rabo ya wuce 12.5 cikin matsi, a ɗaga ƙafa nan take. Bayan kowane zagaye cire fulogi: ɗige-ɗige baƙi ko masu ƙyalli a kan farin tangaran alamar nokin ne ko da kunne bai kama ba, a rage digiri 2. A yi saitin ƙarshe da tsakar rana a lokacin zafi, da man gidan man da za ka riƙa sha kullum. Saitin da aka yi da asubar Janairu zai iya yin nokin a Afrilu. Man 'yan bumburutu kuwa ya haramta ga wannan mota, in ta kama dole to a tafi a hankali ba tare da shiga matsi ba. Kuma ba a titin Samaru zuwa Kwangila ake wannan gwaji ba, cikin ɗalibai da 'yan acaɓa. A nemi miƙaƙƙiyar hanya mara jama'a.

Idan matsi ya ci gaba da hawa a babban juyi duk da wesget ta buɗe, ramin wesget ya yi ƙanƙanta, a faɗaɗa shi. Shuɗin hayaƙi a silo, fara duba magudanar mai da tiyon numfashi. Tsinkewar wuta cikin matsi, rage tazarar fulogi zuwa 0.6 ka duba kwayil. Ruwa yana tunkuɗowa cikin robar ajiya bayan gudu, gasket ya fara ɗagawa, kuma kusan kullum nokin ne sanadi, don haka canza gasket ba tare da gyara tayimin ba maimaita aiki ne. Bayan gudu mai zafi a bar injin minti ɗaya ko biyu a silo kafin a kashe.

Wuce 0.5 wani aiki ne daban da kuɗinsa daban. Sai an buɗe injin. Hanyar masu ƙaramin ƙarfi ita ce fistin Suzuki Vitara na injin G16, wanda faɗinsa milimita 75 ne daidai da naka, a haɗa da konrod ƙirarru masu ƙarfi. Yana sauke matsi zuwa wajen 7.5 bisa 1, motar ta ɗan yi sanyi kafin turbo ya kama amma ta jure matsi mai yawa. A nan ana buɗe tazarar ringin sama zuwa milimita 0.40 ko 0.45, a sa sandunan top na ARP, a canza sensar MAP da nozul. Idan tun farko doki 200 zuwa sama kake hari, ka kwatanta jimillar wannan duka da kuɗin Passat ko Audi A4 mai 1.8T, wadda ta fito daga kamfani da turbo, intakula da sensar nokin, kafin ka yanke ƙarfe ko ɗaya a Civic ɗin.